Daga Nguru zuwa Ghum: Tashoshin jirgin ƙasa shida da suka dace a ƙera ƙananan kwafinsu

A birnin Hamburg na Jamus akwai wani tsohon gidan ajiyar kaya da mutane ke tururuwa zuwa cikinsa domin kallon jiragen ƙasa da taragonsu bai wuce tsawon tafin hannu ba.

Sunan wurin Miniatur Wunderland. Wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, ne suka buɗe shi a 2001, kuma ƙananan layukan dogon da aka shimfiɗa a ciki sun haura kilomita 16 idan aka haɗa su.

Wannan shi ne ƙololuwar wata sha'awa da ta daɗe a Turai da Amurka da Japan, inda mutum ke zaɓar tashar jirgin ƙasa, ya ƙera ƙaramin kwafinta a kan teburi, da gine-ginenta da bishiyoyinta da fasinjojinta, sannan ya sa jirage masu aiki da lantarki su riƙa shiga da fita.

Sai dai yawancin masu wannan sha'awa ɗaki guda ko gareji kawai suke da shi. Don haka kafin su sayi ko ƙusa ɗaya, sai sun yanke shawarar tashar da za ta shiga ɗakin kuma ta ci gaba da ba su abin yi.

Lissafin da ke fitar da manyan tashoshi

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage komai sau 87. A Birtaniya an fi son OO, mai ragewa sau 76, yayin da masu ƙarancin wuri ke komawa ga N, wanda a yawancin ƙasashe ke ragewa sau 160.

A ma'aunin HO, kilomita ɗaya na layin dogo yana cin kusan mita 11 da rabi. Tashar da tsawonta ya kai mita 400 za ta buƙaci teburi mai mita huɗu da rabi da 'yan kai. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya cire manyan tashoshin birane daga jerin.

Bayan ƙanƙanta, maƙeran na neman tashar da ke da aiki iri-iri: fasinja ya sauka, a loda kaya, a ware tarago, kan jirgi ya zagayo ya koma gaba. Tashar da jirgi ke tsayawa minti biyu ya wuce tana saurin gundurar mai ita.

Suna kuma neman wurin da layin zai ɓace wa ido, kamar ƙarƙashin gada ko bayan tsauni. A bayan wannan wuri ake ɓoye wasu layuka da ake jera jirage, su ne ke zaman sauran duniya da jirgin ya fito daga cikinta.

Shi ya sa tashar ƙarshen layi ta fi kowace farin jini, domin ta gefe ɗaya kawai jirgi ke shiga ya fita.

Ashburton: abin koyin maƙeran Birtaniya

Garin Ashburton na yankin Devon a kudu maso yammacin Ingila ya samu tasha a 1872, a ƙarshen wani reshe mai tsawon kimanin kilomita 15 da ya taso daga Totnes.

Dandamalin fasinja ɗaya gare ta, da rufin katako da ya lulluɓe layin, da sito na kaya, da ƙaramin ɗakin da kan jirgi ke kwana. A ranakun kasuwar dabbobi kuma taragun shanu da tumaki kan cika wurin.

An daina ɗaukar fasinja a can a 1958, kaya kuma a 1962. A farkon shekarun 1970 aikin faɗaɗa babbar hanyar mota ya cinye ɓangaren layin da ke shiga garin.

Ginin tashar na nan, amma jirgi ba ya zuwa. Duk da haka, maƙera sun maimaita ta a kan tebura har ta zama misalin da ake fara nuna wa sabon shiga, kuma mutane da yawa sun san fasalinta ba tare da sun taɓa taka garin ba.

Nguru: ƙarshen layi a bakin Sahel

Mai neman irin Ashburton a Najeriya zai same ta a Nguru da ke Jihar Yobe a yau. Layin da ya tashi daga Kano ya ratsa Ringim da Malam Madori, ya isa Nguru a 1930, kuma a nan ya tsaya.

Nguru ta ma fi Ashburton yawan nau'in kaya. Gyaɗa da fatu da ƙaro da dabbobi da busasshen kifi da nama duk sun bi ta wannan tasha zuwa Kano da Kudu, abin da ya mayar da garin babbar cibiyar kasuwanci ga Borno da kudancin Nijar.

Ga maƙeri, kowane irin kaya dalili ne na ajiye tarago a wani layi daban. Yanayin wurin ma ba shi da wuyar kwaikwayo: fili shimfiɗaɗɗe, rairayi, 'yan bishiyoyi, buhuna a jibge, raƙuma da jakuna na jiran a sauke musu kaya.

Akwai batun faɗin layi. Tsohon layin dogon Najeriya milimita 1,067 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya fi na Birtaniya da Jamus matsewa. Idan aka rage shi sau 87, zai koma milimita 12 da ɗoriya, kuma ana sayar da ƙaramin layi mai milimita 12.

Maƙeran New Zealand, waɗanda layin ƙasarsu ke da faɗi ɗaya da na Najeriya, sun bi wata dabarar: suna rage komai sau 64, sai layin HO na yau da kullum mai milimita 16.5 ya zo musu daidai.

Kyle of Lochalsh: jirgin ƙasa a kan ruwa

A arewa maso yammacin Scotland, layin dogo ya isa Kyle of Lochalsh a 1897. An gina tashar ce a kan wata matsaya da ta kutsa cikin teku, tana fuskantar tsibirin Skye.

Dandamalin fasinja na tsakiya, layukan kaya na gefe da gefe, jiragen ruwa kuma na tsayawa daf da taragu. Kifi da tumaki da wasiƙu da fasinjojin tsibirai duk a nan suke sauya abin hawa.

Jiragen fito sun ci gaba da kai mutane Skye har 1995, lokacin da aka buɗe gada. Tashar na aiki har yanzu. Abin da ke jan maƙera gare ta shi ne ruwa ya riga ya shata mata iyaka, don haka bakin teburi sai ya zama bakin teku.

Baro: inda layin Arewa ya fara

Najeriya na da irin wannan haɗuwa ta jirgin ruwa da na ƙasa a Baro, a bakin Kogin Neja, cikin Ƙaramar Hukumar Agaie ta Jihar Neja.

Daga nan aka faro layin Baro zuwa Kano bayan an amince da aikin a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan layin dogo ne. Ƙarafuna da kawunan jirage ta kogi aka riƙa hauro da su daga bakin teku lokacin da ruwa ya cika. Layin ya isa Kano a 1911.

Tauraron Baro bai daɗe yana haskawa ba. Da aka haɗa layin Legas da na Arewa a Minna, sannan aka kammala gadar Jebba a 1916, kaya suka koma bin hanyar Legas kai tsaye. Reshen Baro zuwa Minna ya yi ta ja baya har jirgi ya daina bin sa.

Kwafin Baro na wajajen 1910 zai ƙunshi duk abin da maƙeri ke so: kogi a gaba, tsauni a baya da zai ɓoye ƙarshen layi, jirgin ruwa mai hayaƙi, kwale-kwalen Nufawa, da leburori na sauke ƙarafuna.

Ghum: kwanar da ba sai an rage ba

Babban abin da ke tona asirin ƙaramin kwafi shi ne kwana. Jirgin gaske na buƙatar fili mai yawa kafin ya juya, teburi kuwa ba shi da wannan fili.

Layin tsaunukan Darjeeling a Indiya ya sauƙaƙa wannan matsala, domin kwanoninsa na gaske ma matsattsu ne. Faɗinsa milimita 610 kacal, an kammala shi a 1881, kuma UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Tashar Ghum ce mafi tsayi a layin, mita 2,258 sama da teku. Jirgin na bin gefen titin mota, yana gilmawa ta gaban shaguna. Kusa da ita akwai Batasia, inda tun 1919 layin ke yin da'ira cikakkiya domin rage gangara. Har yau tsofaffin kawunan jirage masu amfani da kwal na jan 'yan yawon buɗe ido tsakanin Darjeeling da Ghum.

Zariya: layi biyu masu faɗi daban

Arewacin Najeriya ma ya taɓa samun ɗan siririn layi mai hawa tsauni. Shi ne wanda aka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru domin kwaso kuza, mai faɗin milimita 762. Ya isa can a 1914. Sunan Bauchi aka laƙaba masa, duk da cewa bai taɓa shiga garin Bauchi ba.

Tun da faɗinsa bai yi daidai da na babban layi ba, duk kayan da ya sauko da su sai an sauke su a Zariya an sake lodawa a manyan taragu.

A 1927 babban layi ya isa Jos ta Kafanchan, kuza ta samu gajeriyar hanya zuwa Fatakwal, kuma a 1957 aka rufe ƙaramin layin.

Tashar Zariya gaba ɗayanta ta fi ƙarfin ɗaki, ganin cewa daga nan ne reshen Funtuwa da Gusau da Kaura Namoda ya balle, wanda aka kammala a 1929. Amma kusurwar da ake sauya kaya kaɗai ta isa teburi. A ma'aunin HO, layi mai milimita 12 zai wakilci babba, mai milimita 9 ya wakilci ƙarami, kuma dukansu ana samun su a kasuwa.

Abin da za a rasa idan ba a auna ba

Gidan tarihi na Pendon da ke kusa da Oxford a Ingila ya nuna cewa wannan aiki ya wuce wasa. Roye England, ɗan Ostireliya da ya zo Ingila a shekarun 1920, ya ga ana sauya fasalin tsofaffin gidajen karkara masu rufin ciyawa. Sai ya riƙa auna su yana ɗaukar hotunansu, ya kafa gidan tarihin a 1954. Ƙauyukan da ya ji tsoron ɓacewarsu na nan a cikin gilashi, jirage na ratsa su.

Najeriya na shimfiɗa sabbin layuka masu faɗin milimita 1,435, kamar na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Sabbin tashoshi daban ake gina musu, kamar ta Rigasa, yayin da tsofaffin ƙananan tashoshi da dama ke fama da yagewar kwano da ɓarayin ƙarafuna da masu cin fili.

Gidan Jaekel da ke Ebute Metta a Legas na adana hotuna da kayan aikin tsohuwar reluwe, amma hoto ba ya nuna nisan sito daga dandamali, ko layin da ake tura taragon shanu. Wannan sani na hannun tsofaffin direbobi da masu sauya layi da 'yan dako, kuma kullum raguwa suke yi.

Gwanintar hannu kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar da yara ke ƙera mota da karan dawa da waya da gwangwani. Ɗaliban zanen gine-gine a jami'o'i da kwalejojin fasaha ma kullum cikin haɗa ƙananan gidaje suke da kwali da gam.

Jirgi mai lantarki da layinsa sai an yi odarsu daga waje, kuma da tsada. Amma matakin farko bai wuce tef ɗin awo, da wayar ɗaukar hoto, da neman izinin jami'an tasha, da zama da wani dattijon da ya yi aikin reluwe ba. Ko jirgi bai motsa a kan teburin ba, tashar da aka auna aka ƙera ta samu shaidar da za ta rage bayan ginin ya faɗi.