Batura Biyu a Motar Kwana: Me Ya Sa Ɗaya Ke Riga Ɗaya Ƙarewa?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin mota da ake ƙerawa da gado da madafa da firji, wadda iyali kan yi tafiyar makonni suna kwana a cikinta. Masu irin waɗannan motoci sukan haɗa baturan litiyam guda biyu, ƙafar ja da ja, baƙa da baƙa, domin wuta ta kai su har asuba. Sai dai sau da yawa akan tarar ɗaya ya kusa ƙarewa alhali ɗan'uwansa na da sauran caji mai yawa.

Galibi laifin na wayoyi ne. Idan aka ɗauki wayoyin da ke kai wuta cikin mota duka biyu daga kan batir guda, to shi ne zai fi ɗaukar nauyi, domin wutar na biyun sai ta bi ta ƙarin waya kafin ta fito. Litiyam mai haɗin ƙarfe da fosfet, wanda John Goodenough da abokan aikinsa suka bayyana a Jami'ar Texas a 1997, ƙarfinsa ba ya sauyawa sosai daga kusan cika har kusan ƙarewa. Saboda haka ɗan bambancin tsawon waya, ko noti guda da bai ɗauru ba, ya isa ya karkatar da aikin gefe ɗaya.

Mai bincike zai kunna kaya masu jan wuta, sannan ya auna amfiya nawa ke fita daga kowane batir da mitar da ake maƙalawa a jikin waya. In ɗaya bai ba da komai ba, wataƙila na'urar tsaron da ke cikinsa, watau BMS, ta yanke shi. Irin wannan na'ura takan hana caji idan sanyi ya kai na daskarewar ruwa, har batir guda ya wayi gari ba a cika shi ba.

Maganin kuwa shi ne a raba su, a cika kowanne shi kaɗai zuwa wajen volt 14.4, sa'an nan a sake haɗa su da wayoyi masu tsawo ɗaya da kauri ɗaya. A ɗauki jar waya daga batir na farko, baƙar kuma daga na biyu. Kada a haɗa tsoho da sabo.

Sakaci da wannan yana da tsada. Batirin da ake dora wa nauyi kullum yakan tsufa da wuri, noti mai sako-sako kuma yakan yi zafi har ya narka rigar waya a inda mutane ke barci. Masu wutar sola a gidajenmu da ke haɗa batura biyu, su ma wannan ƙa'ida ta shafe su.