Ka sayi talabijin da kuɗinka, kamfani na juya shi kana barci

Da can idan mutum ya sayi talabijin, yadda ya fito da shi daga kwali haka zai zauna har ya mutu. Na yanzu masu haɗuwa da intanet kuwa, kwamfuta ce aka manna wa babban gilashi, kuma kamfanin da ya ƙera yana iya shiga daga nesa ya sauya abin da ya ga dama. Sabuntawa suke kiran abin.

A watan Maris na 2024 kamfanin Roku na Amurka ya fito wa masu talabijin da sanarwa a allo: ko ka danna ka yarda da sabbin sharuɗɗan da suka taƙaita damarka ta kai ƙara kotu, ko kuma babu kallo. Mai son ficewa daga sharuɗɗan sai ya rubuta wasiƙa ta takarda ya aika ta gidan waya. A Disamban 2025 masu talabijin ɗin LG suka wayi gari da Copilot na Microsoft zaune a shafin farko, babu hanyar goge shi, sai da aka yi ta ƙorafi kamfanin ya ce zai ba da damar cirewa. Dalilin duk wannan ba ɓoyayye ba ne: talla da bayanan mai kallo. Tun a 2017 Vizio ya biya dala miliyan 2.2 a Amurka kan tattara bayanan abin da ake kallo a talabijin miliyan 11 ba da sanin masu su ba.

Nawa talabijin ɗin, a nan Yamai, da wayata nake ba shi intanet. Wani dare ya ja sabuntawarsa ba sallama, ya cinye megan da na saya don aikin mako guda. Da safe komai ya sauya wuri. Mahaifiyata da ta haddace maɓallai uku a rimot ta kasa gano tasharta, ta ce da ni, "Kai, wa ya taɓa mini tele?" Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne hasken allon da na rage da hannuna ya koma yadda ya zo daga kamfani.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai OLED. A irin wannan allon kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, kuma yana tsufa gwargwadon aikin da ya yi. Idan tambarin tasha, ko akwatin sakamakon ƙwallo, ko layin labarai na ƙasa ya daɗe a wuri ɗaya, ɗigon wurin sai su riga sauran gajiya, a bar ka da inuwar da ba ta gogewa. Shafin RTINGS na Kanada ya gwada hakan, ya bar talabijin a kan CNN awa 20 a rana, aka ga inuwar tambarin ƙarara. Yawan haske da zafi suna hanzarta tabon, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu ya wuce maki 40.

Akwai kuma wani abin da masu shago ba sa faɗa. Talabijin ɗin OLED yana yi wa kansa ɗan gyaran ɗigo na ƴan mintuna bayan an yi kamar awa huɗu ana kallo, amma sai an kashe shi da rimot an bar shi a jikin wuta. To mu nan, ana kashewa ake zare waya don tsoron wutar da ke dawowa da ƙarfi, in ma ba a riga an ɗauke ta ana tsakiyar wasa ba. Wanda ya ƙera abin bai yi lissafi da irin wutarmu ba. Garanti kuma sau da yawa ba ya ɗaukar irin wannan tabon, balle kayan hannu da aka kwaso daga Turai.

Kada dai hankali ya tashi: yawancin talabijin ɗin da ke kasuwanninmu LED ne, har da wanda aka rubuta wa QLED, kuma da wuya su yi wannan tabo. Mai gidan kallon ƙwallo da ke kunnawa daga rana har dare, a ganina LED ya fi masa.

Ni dai na raba nawa da intanet, na bar shi da dekoda. Gaskiya ne wasu sabuntawar toshe ƙofar masu kutse suke yi, amma talabijin ɗin da ba ya kan layi ba shi da wannan ƙofar. Mai buƙatar YouTube ya shiga saiti ya kashe sabuntawa ta kai tsaye in akwai wurin, ya kuma duba haske duk lokacin da aka yi sabuwa. Mai sayen OLED na hannu kuma ya tafi da hoton ja zalla da na toka zalla a filash, ya cika allon da su a gaban mai shago kafin ya ƙirga kuɗi.