Kaza da ƴan tsakinta: a ƙoshe su da rana, a rufe su da dare

A watan Janairun bara na je wani ƙauye a yankin Tasawa domin yi wa tumaki da awaki allurar rigakafi. Muna gamawa sai wata dattijuwa ta riƙe ni, ta ce in zo in duba mata kaza. Da na shiga gidan na tarar da kazar lafiya lau, ƴan tsaki huɗu na bin ta. Goma sha ɗaya ta ƙyanƙyashe, bakwai sun tafi cikin dare biyar.

“Ɗana, ko cutar kaji ce ta shigo mini?” in ji ta.

Na ce, “Inna, bari in ga inda suke kwana.”

Akurkin na laka ne, an toshe ƙofar da tsohon faranti. A ciki akwai sakaina cike da tsakin hatsi da ƙoƙon ruwa. Na haska fitila sai ga rami a kusurwa, ga kashin ɓera zube kusa da sakainar. Ta ce tausayi ne ya sa take bar musu abinci, tunda daren hunturu dogo ne, kada yunwa ta kashe su kafin gari ya waye. Wannan abincin shi ya kira ɓarawon.

Ba ita kaɗai ba ce. Daga Maraɗi har Damagaram na sha samun wannan tambaya: me ƴan tsaki za su ci da dare? Amsar ita ce ba su cin komai. Kaza ba ta gani sosai a duhu. Da magariba ta yi, uwa takan kwanta ta buɗe fukafukai, ƴaƴan su shige ƙarƙashinta, ba su fitowa sai haske ya bayyana. Abin da suke buƙata a lokacin ɗumi ne. A satin farko ɗan tsako na son zafin da ya kai wajen digiri 32 zuwa 35, kuma jikin uwarsa ne ke ba shi. Wanda ya fito neman abinci cikin sanyin asuba ya kasa komawa, sau da yawa gawarsa ake tararwa.

Kwana biyun farko ma ba abin damuwa ba ne. Kafin ɗan tsako ya fasa ƙwai a kwana na 21, yakan shanye sauran gwaiduwa cikin cikinsa, ita ke riƙe shi kwana biyu zuwa uku. Ruwa ne ya fi gaggawa.

Saboda haka aikin ciyarwa na rana ne, kuma ciyarwar marece ita ce mafi muhimmanci. Bayan la'asar, tun rana na da sauran haske, a ba su su ci su ƙoshi. Akwai ƴar jakar abinci a gindin wuyan ɗan tsako, wajen dama. In ka taɓa ka ji ta cika tana da laushi, to zai kwana lafiya. In ka ji wayam, a ware shi a ba shi kafin duhu.

Tsakin hatsi ko na dawa kaɗai ba ya isa. Jiki mai girma na neman abin gina shi. A kwanakin farko dafaffen ƙwai guda da aka marmasa ya wadatar da ƴan tsaki goma. Bayan haka sai gara: a cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara ke bi, washegari da safe a zazzage musu. Tunkuza kaɗan ma na da kyau in ba gishiri a ciki kuma ba ta yi funfuna ba, domin gyaɗar da ta yi funfuna guba ce ga ƴan tsaki. A haɗa da dusa da yankakken ganyen zogale. Ruwa kuwa a sa shi a faifayin kwano marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki, don kada su faɗa su jiƙe.

Da magariba sai a kwashe komai: abinci, ruwa, har abin da ya zube a ƙasa a share. Jiƙaƙƙiyar dusa da ta kwana tsami take yi, ta sa su zawo. Busasshen hatsi kuma ɓera da gafiya da tururuwa yake jawowa, inda ɓera ya saba zuwa kuwa maciji na biye da shi. Amma wanda ya kwashe da dare ya ɗauki alkawari: da an sallame sallar asuba gari ya fara haske, a buɗe, a fara ba su ruwa, sannan abinci. Ƴan tsakin da aka bari a rufe har hantsi, musamman a watannin Afrilu da Mayu, ƙishirwa da zafi ke galabaitar da su.

In an yi ɓarna, abin da aka tarar da safe yakan nuna mai laifin. Ɓera da gafiya kan ja ɗan tsako zuwa bakin rami, su ci wani sashe su bar saura. Maciji haɗiyewa yake yi, ba jini ba gashi, sai dai a ƙirga a ga babu. Muzuru kan bar fukafukai da ƙafafu a bayan danga. Tunku kuwa kisan kiyashi yake yi, da cizo a wuya ko a ka. Akwai kuma maƙiyin da ba a gani: ƙuma da ƙananan kaska masu ɓuya a tsagar bango da rana, su fito da dare su sha jini. In ka ga uwa ta ƙi shiga akurki, ko ƴan tsaki sun yi fari fat suna ramewa, a haska tsagogin da dare a duba.

Gyaran akurki ba ya cin kuɗi sosai. Ƙa'idata ita ce: duk kafar da babban yatsa zai shiga, ɓera ko maciji zai shiga. A daɓe ƙasan da kyau, a liƙe ramuka da laka mai haɗe da tsakuwa, a shafe tsagogi. Ƙofa ta zama ta langa-langa ko katako mai rufuwa ruf, a danne ta da dutse ko a sa mata sakata. A bar ƙananan kafofin iska can sama, a rufe su da ragar waya mai ƙananan idanu, domin akurkin da ba iska shi ma kashewa yake yi. A nesanta shi da rumbu da tarin kara da juji. A zuba toka kewaye saboda tururuwa, a shimfiɗa busasshen yashi ko ƙaiƙayi a ciki, a riƙa canzawa. Uwa da ƴaƴanta su kwana su kaɗai, tunda manyan kaji na tattake ƙanana, kuma su kwana a ƙasa har ƴaƴan su yi gashi sosai, wajen sati shida. Kada a sa garwashi ko fitilar kananzir a ciki. Uwar ta isa.

Masu sa wa kaza ƙwan zabi da damina su ƙara kula. Ƴan zabi sun fi ƴan tsaki rashin jure jiƙewa, don haka kada a sake su sai raɓa ta bushe. Da rana kuma kwando babba a inuwa na kare su daga shirwa da shaho da hankaka a makonnin farko.

A ranar, ni da jikan dattijuwar muka liƙe ramin, muka yi ƙofa da murfin tsohuwar tano. Da na koma bayan wata biyu domin rigakafin annobar kaji, huɗun nan na nan, sun yi gashi suna tono a bayan ɗaki. Ta ce biyu za ta sayar gab da sallah ta haɗa kuɗin ƴar akuya.

Ta yi dariya ta ce, “Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.”

Na ce, “Haka ne, Inna. Amma dai a riƙa rufe ƙofar.”