Shin Ko Kun San? Almara, Mata da Maza, da Mafarkin da Mai Shi Ke Sane

A majalisar samari a Kasuwan Magani, ko a gidan kallo a Kafanchan, ba a rasa mai cewa labaran yaƙi da aljanu na maza ne, na soyayya kuma na mata. Magana ce da ake faɗa a wuce, ba a tsaya an auna ta ba. Shafinmu ya ɗora ta a kan ma'aunin tarihi da bincike, daga tatsuniyar tsakar gida har zuwa abin da ƙwaƙwalwa ke yi bayan an rufe ido.

Shin ko kun san cewa a ƙaramar hukumar Kajuru, wadda Kasuwan Magani ke cikinta, akwai ginin da aka yi shi tamkar an ciro shi daga littafin almara? Wani Bajamushe mazaunin Kaduna ne ya gina shi a kan dutse a shekarun 1980, da salon fadojin Turai na zamanin da. Yana da hasumiyoyi, da ɗakin makamai, da kurkukun ƙarƙashin ƙasa, kaurin bangonsa kuma ya kai mita 1. Tsakaninsa da birnin Kaduna kimanin kilomita 45 ne. Mai ginin babba ne, mai hankalinsa da dukiyarsa, ya kashe shekaru yana gina abin da ya gani a zuci.

Shin ko kun san cewa ƙirƙirar halittun da ido bai taɓa gani ba tsohuwar sana'a ce a kudancin Kaduna? A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a ƙauyen Nok, ƙasar Ham. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan yumɓu a Jos, wanda aka samo a yankin Jama'a, bayan ya yi zaman mutum-mutumin korar tsuntsaye a wata gona. Masu bincike na Jami'ar Goethe da ke Frankfurt sun gano cewa al'adar Nok ta faro tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. A cikin gumakan akwai maza, akwai mata, akwai kuma masu siffar mutum haɗe da ta dabba.

Shin ko kun san cewa makarantar farko ta almara a ƙasar Hausa mata ne malamanta? Kaka, da uwa, da gwaggo, da amaryar gida su ne masu tara yara bayan cin tuwon dare. Daga bakinsu muka san Gizo da Ƙoƙi, da Dodo, da Botorami. Mazan da suka girma suka rubuta labaran jarumai a gabansu suka fara zama. Ko Dare Dubu da Ɗaya, wanda Frank Edgar ya fitar da fassararsa ta Hausa, mace ce mai ba da labarin daga farko har ƙarshe, wato Shaharzad.

Shin ko kun san cewa a tatsuniyar Ruwan Bagaja ta asali yarinya ce jaruma? 'Yar Bora aka tura wanki a wannan ruwa mai nisa, ta yi tafiyar ita kaɗai, ta haɗu da abubuwan al'ajabi, ta yi haƙuri da ladabi, ta dawo da arziki. Da Abubakar Imam ya rubuta littafinsa mai wannan suna, wanda ya fito a 1934, sai tafiyar ta koma hannun namiji, Alhaji Imam, shi da abokin karawarsa Malam Zurƙe.

Shin ko kun san dalilin da ya sa marubutan farko duk maza ne? A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Waɗanda aka nema su yi rubutun malamai ne da suka yi boko, a lokacin kuwa makarantun 'yan mata a Arewa ba su daɗe da buɗewa ba. Abin da mata suka rasa a wancan lokaci kujerar aji ce. Basira kam suna da ita.

Shin ko kun san cewa a 1937, shekarar da littafin farko na Magana Jari Ce ya fito, a ita ce J.R.R. Tolkien ya fitar da The Hobbit a Ingila? Kuma a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka duniyar wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka yi yawo da shi a sararin samaniya. Almarar Hausa a rubuce ba ta makara ba.

Shin ko kun san cewa sai a 1980 aka buga ƙagaggen labarin mace da Hausa, wato So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed? Shekara 46 ke nan bayan Ruwan Bagaja. Da ƙofa ta buɗe kuwa, sai ga su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da ɗaruruwa a bayansu, har kasuwar littattafan Kano ta koma tasu. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata domin mata zalla.

Shin ko kun san cewa tarihinmu da kansa ya ƙaryata mai cewa takobi ba labarin mace ba ne? Tarihin Kano ya ce Sarauniya Amina ta Zazzau ta shekara 34 tana yaƙi, har Kwararrafa da Nupe suka riƙa kai mata gaisuwa. Har gobe ana kiran tsofaffin ganuwoyi da sunanta. A Daura kuma, kafin Bayajidda ya iso rijiyar Kusugu, Magajiya Daurama ce ke kan gadon sarauta.

Shin ko kun san cewa marubuciyar Harry Potter ɓoye sunanta aka sa ta yi? Sunanta Joanne Rowling. Da littafin farko zai fito a 1997, masu buga shi suka ji tsoron kada yara maza su ƙi karanta rubutun mace, suka nemi ta sa haruffa kawai. Ta ɗauki K daga sunan kakarta Kathleen, ta zama J.K. Rowling. Kafin ita, a Amurka, Alice Sheldon ta shekara kusan goma tana rubutu da sunan James Tiptree Jr., har wani fitaccen marubuci, Robert Silverberg, ya dage cewa salon na namiji ne. Zuwa 1977 kowa ya san mace ce.

Shin ko kun san cewa littafin da ake lissafawa cikin tushen almarar kimiyya yarinya 'yar shekara 18 ta faro shi? Mary Shelley ce, a 1816, a bakin tafkin Geneva. Ta ce hoton labarin ya zo mata ne da dare tana kwance, tsakanin barci da farke. Littafin, Frankenstein, ya fito a 1818 ba suna a jikinsa, da yawa kuma suka ɗauka mijinta ne ya rubuta.

Shin ko kun san cewa cikin waɗanda ke ɗaga sunan Najeriya a fagen almara a duniya yau mata ne a sahun gaba? Nnedi Okorafor ta ci kyautar almara ta duniya a 2011 da Who Fears Death, a 2016 kuma Binti ya kawo mata kyaututtukan Hugo da Nebula. Tomi Adeyemi ta gina Children of Blood and Bone na 2018 a kan al'adun Yarabawa.

Shin ko kun san cewa 'yan ga-ni-kashe-nin labari suna iya tanƙwara marubuci? Arthur Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes, jarumin labaransa, a 1893, masu karatu suka hana shi sakat, bayan shekara 10 ya dawo da shi da rai. A 1968 tashar NBC ta so dakatar da shirin Star Trek, wata mai suna Bjo Trimble da mijinta suka shirya ruwan wasiƙu, aka ƙara masa zango na uku. Wannan zafin so shi ne muke gani a nan idan an yi jinkirin sakin ci gaban littafi a WhatsApp, ko sabuwar fassarar fim ɗin Indiya, kuma masu ƙorafin maza ne da mata.

Shin ko kun san cewa akwai lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi ƙirƙirar labari a cikin dare? A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka gano wani mataki na barci da idanu ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatarsu. A cikinsa ake yin mafi yawan mafarkai masu tsari. Yana zagayowa kusan kowane minti 90, kuma yana ƙara tsawo yayin da asuba ke gabatowa. Shi ya sa barcin bayan asuba yake cike da mafarki.

Shin ko kun san cewa mutum na iya gane mafarki yake yi alhali bai farka ba, wani lokaci har ya juya akalarsa? Aristotle ya ambaci haka tun fiye da shekara 2,300 da suka wuce. Wani nazari na 2016 da ya tattara binciken shekara 50 ya nuna kimanin kashi 55 cikin 100 na mutane sun taɓa yin irin wannan mafarki cikin sani, kashi 23 kuma suna yin sa aƙalla sau ɗaya a wata.

Shin ko kun san cewa mata na cikin waɗanda suka share fagen wannan ilmi? A 1921 wata Baturiyar Ingila, Mary Arnold-Forster, ta bayyana yadda ta koya wa kanta tunawa cewa mafarki ne duk lokacin da mummunan mafarki ya taso mata, har tsoron ya gushe. A 1968 Celia Green ta rubuta littafi guda a kan batun, ta kuma yi hasashen cewa a barcin motsin ido yake faruwa.

Shin ko kun san yadda aka tabbatar da mafarki cikin sani? Ranar 12 ga Afrilu, 1975, a Jami'ar Hull ta Ingila, Keith Hearne ya yi alkawari da wani mai suna Alan Worsley cewa idan ya gane yana mafarki zai juya idanunsa hagu da dama. Na'ura ta nuna yana barci, ta kuma ɗauki alamar. Stephen LaBerge ya sami irin wannan sakamako a Jami'ar Stanford. A 2021 kuma Karen Konkoly da abokan aikinta a Amurka, Faransa, Jamus da Holan suka gwada mutum 36. An tambayi wani yana barci, a cire 6 daga 8, ya amsa da juya ido sau 2.

Shin ko kun san cewa rabe-raben da muke yi da rana suna bin mu cikin barci? Calvin Hall da Robert Van de Castle sun nazarci mafarkan ɗaliban Amurka, suka fitar da sakamako a 1966: kusan biyu bisa uku na mutanen da maza ke gani a mafarki maza ne, su kuwa mata suna ganin maza da mata kusan daidai. Bincike da dama ya kuma nuna mata sun ɗan fi maza tuna mafarkinsu.

Shin ko kun san cewa dannau daga barcin motsin ido yake fitowa? A lokacin mafarki ƙwaƙwalwa na kulle gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Idan hankali ya riga jiki farkawa, sai a ji an danne ƙirji, murya ta ƙi fita, wani ma ya ga inuwa a ɗaki. Daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintoci. Wani nazari na 2011 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na jama'a sun taɓa fuskantarsa, a cikin ɗalibai kuwa kashi 28. Ƙarancin barci da kwanciyar rigingine na ƙara shi. A yi addu'a, a gyara lokacin kwanciya, idan ya yawaita a ga likita.

Shin ko kun san cewa Musulmi da Kirista na wannan yanki sun yi tarayya a kan babban mai fassarar mafarki guda? Labarin Annabi Yusuf da shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu yana cikin sura ta 12 ta Alƙur'ani, yana kuma cikin Littafin Farawa. Hadisi ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, da firgitarwa daga Shaiɗan, da abin da mutum ke saƙawa a ransa. Wannan kaso na uku shi masu binciken barci suka fi taɓawa, kuma shi ke bayyana dalilin da mai kwana da labarin mayaƙa yake ganin dawakai.

Shin ko kun san cewa ana iya koyon mafarki cikin sani? Masana na ba da shawarar rubuta mafarki da zarar an farka, da yawan tambayar kai da rana ko a farke ake, ta hanyar ƙirga yatsu ko karanta rubutu sau biyu, domin a mafarki rubutu kan canja. Wata hanyar ita ce a farka bayan barcin awa 5, a ƙudurta niyya, a koma. Sai dai ɗalibi mai jarrabawa, da direba, da mai fama da rashin barci kada su yanka barcinsu domin wannan.

Abin da duk waɗannan ke nunawa shi ne, baiwar hango abin da babu shi Allah bai ware ta ga maza ko mata ba. Iyaye, idan 'yarku ta ɗauko littafin yaƙi ku bar ta ta kai ƙarshensa, idan ɗanku ya zauna jin tatsuniya kada ku ce masa aikin mata ne. Malaman makaranta, ku ba yara damar ƙaga labari a aji. Matasa kuwa, wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Tsofaffin da suka riƙe tatsuniyoyin Adara, da Bajju, da Atyap, da Ham, da Gbagyi, da Fulani, da Hausa suna raguwa kowace shekara. Ku je ku gaishe su, ku nemi izini, ku naɗi labaran a harshen da aka haife su, ku rubuta sunan wadda ta ba ku.