Cesnat ɗin Doki: Itaciyar da ke Ɗauke da Magani da Guba

Duk wanda sana'arsa ta tilasta masa tsayuwa ta tsawon yini, kamar malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya, ya san yadda ƙafa kan yi nauyi da yamma. A wajen wasu mutane abin kan wuce gajiya: idon sawu ya kumbura, jijiyoyi su fito su nannaɗe a ƙarƙashin fata, ga ƙaiƙayi da zogi. Cikin magungunan gargajiyar Turai da aka daɗe ana sha don wannan larura akwai 'ya'yan wata itaciya da masana tsirrai ke kira Aesculus hippocastanum.

Yadda jini ke komawa zuciya

Kafin mu fahimci maganin, wajibi ne mu fahimci cutar. Jinin da ya sauka ƙafa dole ne ya hau sama zuwa zuciya, alhali nauyinsa yana jan sa ƙasa. Abubuwa biyu ke taimaka masa. Na farko, tsokar sha-raɓa, wadda ke matse jijiyoyi duk lokacin da mutum ya taka. Na biyu, wasu ƙananan ƙofofi da ke cikin jijiyoyin, masu buɗewa sama kawai. Da nazarin waɗannan ƙofofi William Harvey ya kafa hujja a 1628 cewa jini zagayawa yake yi a jiki. Idan ƙofofin suka yi rauni, jini sai ya taru a ƙafa, ruwansa ya riƙa tsatsafowa daga siraran jijiyoyi zuwa cikin nama. Wannan ne asalin kumburin.

Itaciyar da sinadarinta

Asalin itaciyar duwatsun yankin Balkan ne, wato wajejen Girka da Albaniya. Daga Istanbul aka kai ta Biyana a ƙarni na 16, sannan ta bazu a Turai. An ce Turkawa kan ba dawakai masu tari 'ya'yanta, shi ya sa Turawa suka laƙaba mata suna cesnat ɗin doki. Ɗan nata ja ne mai duhu, mai sheƙi, girmansa kamar na goro, yana kwance cikin koren ɓawo mai ƙaya.

A cikin ɗan akwai sinadarin da ake kira esin. Masana suna ganin yana rage tsatsafowar ruwa daga siraran jijiyoyi, yana kuma ƙara wa bangon jijiya ƙarfi. Amma ɗanyen ɗan, da ɓawon itaciyar da ganyenta, guba ne. Wanda ya ci su yana iya kamuwa da amai da gudawa da rikicewar hankali. Saboda haka maganin da ake sayarwa a Turai sai an tace shi, an cire gubar, an kuma auna yawan esin da ke cikin kowace ƙwaya.

Me gwaji ya nuna?

A 1996 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani bincike da Diehm da abokan aikinsa suka gudanar a Jamus. An ɗauki majinyata 240 aka kasa su uku. Kashi na farko suka sa safa ta musamman mai matse ƙafa, na biyu suka sha miligiram 50 na esin sau biyu a rana, na uku kuwa aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Bayan mako 12, kumburin masu safa ya ragu da kimanin mililita 47, na masu shan esin da kimanin 44, na kashi na uku kuwa ƙaruwa ya yi.

A 2012 masana biyu, Pittler da Ernst, suka tattara gwaje-gwaje 17 suka auna su. Sun gano cewa maganin yana rage zogi da kumburi da ƙaiƙayi a gajeren lokaci, amma suka ce ana bukatar manyan gwaje-gwaje kafin a yanke hukunci. Ya kamata a lura kuma cewa maganin ba ya gyara ƙofar da ta lalace. Sauƙaƙa wahala kawai yake yi.

Gargaɗi

Ko tataccen maganin yakan jawo jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya. Mai ciki, da mai ciwon ƙoda ko hanta, da mai shan maganin hana daskarewar jini irin su wafarin, kada su sha sai da izinin likita. Abu mafi muhimmanci shi ne, ba kowane kumburi ne na raunin jijiya ba. Ciwon zuciya da na ƙoda su ma suna kumbura ƙafa. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi da ciwo, to, mai yiwuwa gudan jini ne ya toshe jijiya, wanda kan iya tafiya huhu ya yi kisa. Wannan na asibiti ne nan take.

Darasin da ɗalibi zai ɗauka a nan shi ne, kasancewar abu daga tsiro ba ta sa shi ya zama marar illa. Tacewa da awo da gwaji su suka raba gubar wannan itaciya da maganinta. Ga malam mai yawan tsayuwa kuwa, yawan takawa, da ɗaga ƙafa sama lokacin hutawa, da rage ƙiba, su ne matakin farko, domin rigakafi ya fi magani.