Ƙanƙarar da ke ɓoye ƙarƙashin duwatsu: rumbun ruwan mutanen kan tsaunuka

Duk wanda ya taɓa sayar da ruwan sanyi ko ɗanyen kifi a kasuwa ya san dabarar nan. Idan ka sayi bulon ƙanƙara kuma babu wuta, sai ka binne shi cikin garin katako ka lulluɓe da buhu. Wanda ka bari a fili, kafin azahar ya zama ruwa. Wanda ka binne kuwa zai iya kai ka washegari. To, akwai irin wannan ajiya a kan manyan tsaunukan duniya, sai dai da duwatsu aka rufe ta, kuma takan daɗe shekaru dubbai. Yanzu da ƙanƙarar tsaunuka ke narkewa saboda ɗumamar yanayi, hankalin masana ya koma kanta.

Yaya take?

A tsaunuka masu tsananin sanyi kamar Himalaya a Asiya, da Alps a Turai, da Andes a Kudancin Amurka, dusar ƙanƙara kan taru shekara da shekaru har ta daskare ta zama makeken kogin ƙanƙara fari fat. Wannan ita ce wadda muke gani a talabijin. Amma akwai wata iri ta biyu da ko ka tsaya a kanta ba za ka san tana nan ba. Abin da za ka gani tarin duwatsu ne da ɓaraguzai, sun miƙo daga gindin tsauni kamar harshe, samansu da ninki-ninki kamar talge ya malalo daga tukunya. Sai an haƙa 'yan mitoci sannan a iske ƙanƙara cakuɗe da tsakuwa da yashi. A wasu wuraren ƙanƙarar takan kai rabin tarin, ko ma fiye.

Hanya biyu take samuwa. Wani lokaci duwatsu ne ke ruftowa daga saman tsauni su binne tsohuwar farar ƙanƙara. Wani lokaci kuma ruwa ne ke tsiyaya cikin tarin duwatsun ya daskare a can. Kuma tarin ba a tsaye yake ba. Nauyinsa na sa shi gangarowa a hankali, daga 'yan santimitoci zuwa mita ɗaya ko biyu a shekara. Wani masanin ƙasa Ba'amurke, Stephen Capps, ya yi bayaninta tun 1910 bayan ya gan ta a Alaska, amma an daɗe ba a ɗauke ta a bakin komai ba wajen lissafin ruwa.

Abin da ke hana ta saurin narkewa abu biyu ne. Na farko, duwatsun suna tare zafin rana. Na biyu, iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, don haka lokacin hunturu sai ta nutse cikin ramukan da ke tsakanin duwatsun ta zauna a can, ta zafin bazara kuwa ba ta iya korar ta.

Me ya sa ake maganarta yanzu?

Saboda farar ƙanƙarar tana tafiya. A Suwizalan kaɗai, kashi 10 cikin 100 na ƙanƙarar tsaunukan ƙasar ya narke a shekaru biyu, 2022 da 2023. A Bolibiya, ƙanƙarar tsaunin Chacaltaya da ke kusa da birnin La Paz ta ɓace gaba ɗaya a 2009. Ko a nan Afirka, tsaunin Kilimanjaro na Tanzaniya ya rasa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar da aka auna a kansa a 1912. Abin ya kai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kare ƙanƙarar tsaunuka, ta kuma sa ranar 21 ga Maris ta kowace shekara don tunawa da ita.

Ga wanda ke zaune a Legas ko Fatakwal, inda ruwan sama ke neman yin yawa, abin zai yi kamar labarin nesa. Amma ka ɗauki birnin Mendoza na Ajantina. Ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce milimita 200 da 'yan kai ba, alhali Legas na samun sama da 1,500. Duk da haka yankin ya shahara da noman inabi da zaitun da tafarnuwa. Da wane ruwa? Da wanda ke gangarowa daga tsaunukan Andes idan dusar ƙanƙara ta narke. Shekarar da dusar ta yi ƙaranci, ƙanƙarar da ke ajiye a kan tsauni ce ke ɗan riƙe koguna kada su ƙafe. Maƙwabciyarta Chile ta ɗanɗana wannan sosai, domin tun 2010 tsakiyar ƙasar ya shiga farin da ya shafe fiye da shekara goma.

Nawa ne ruwan da ke ciki?

A nan sai an yi hattara, don kada a yi zaton an tsinci dami a kala. Idan aka haɗa duniya duka, ruwan da ke cikin ɓoyayyiyar ƙanƙara ɗan kaɗan ne in an gwada shi da na farar. A Himalaya, wani bincike da aka wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa akwai irin waɗannan tarin kusan 25,000, ɗauke da ruwan da ya haura lita tiriliyan 50. Ruwa ne mai yawa, amma na farar ƙanƙarar yankin ya ninka shi kusan sau 25.

Inda lissafin ke sauyawa shi ne busassun tsaunuka. A wani ɓangare na Andes da ke arewacin tsakiyar Chile, masu bincike sun gano cewa ruwan da ke ƙarƙashin duwatsu ya fi na farar ƙanƙarar yawa. Ka ga kenan ga ƙauyen da ke ƙarƙashin irin wannan kwari, tarin duwatsun nan shi ne randarsu.

Ko wadda ƙanƙararta ta riga ta narke ba ta zama banza ba. Tarin duwatsun yakan shanye ruwan sama da na dusa, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan ta idon ruwa. Kamar dai yadda a gida ake tona yashin busasshen rafi da rani a samu ruwa. A ƙasar Ostiriya an yi nazarin irin waɗannan maɓuɓɓugai sosai saboda ruwan sha.

Rikici da masu haƙar ma'adinai

Matsalarta ita ce kamanninta. Farar ƙanƙara kowa na ganinta, in an taɓa ta a yi ca. Wannan kuwa a ido ɓaraguzai ce kawai. Kuma a Andes, tana zaune ne a daidai wuraren da tagulla da zinare suke. Chile ce ta fi kowace ƙasa haƙo tagulla, wadda da ita ake yin wayar lantarki. A can an kwashe wasu daga cikin tarin nan don buɗe ramin haƙa, an shimfiɗa hanya a kan wasu, wasu kuma an jibga musu sharar ma'adinai.

Ajantina ta yi ƙoƙarin taka burki. A 2008 majalisa ta amince da dokar kare ƙanƙarar tsaunuka, shugabar ƙasa ta lokacin, Cristina Fernández de Kirchner, ta ƙi sa hannu. A 2010 aka sake kawo wata ta zama doka, mai lamba 26,639. Dokar ta haramta haƙar ma'adinai da mai a kan ƙanƙarar, kuma ta haɗa har da daskararriyar ƙasar da ke riƙe ruwa, wato ta ƙarƙashin duwatsu ma ta shiga. Ta kuma umarci a ƙidaya su. Aikin ya kammala a 2018, aka samu tarin ƙanƙara 16,968 iri daban-daban. Kamfanoni sun garzaya kotu, a 2019 kotun ƙolin ƙasar ta ce dokar na nan daram. Duk da haka ba a daina kai ruwa rana a kanta ba, domin lardunan da ke da ma'adinai na son kuɗin shiga da ayyukan yi, manoman da ke ƙasa kuma na son ruwa.

Ita ma zafin bai bar ta ba

Bargon duwatsu jinkiri yake kawowa, bai hana narkewa ɗungurungum ba. A 1987 masana a Suwizalan suka haƙa rami mai zurfin kusan mita 60 a cikin ɗaya daga cikinsu da ake kira Murtèl, suka zura ma'aunin zafi. Tun daga lokacin ake auna shi, kuma awon ya nuna cikinta na ƙara ɗumi. Haka kuma da yawa daga cikin na tsaunukan Alps sun ƙara saurin gangarowa tun daga shekarun 1990, abin da kan jawo zaftarewar duwatsu kan hanyoyi da gidaje.

Sannan ba kowane ruwa da ya fito daga cikinta ne ake sha ba. A wani tafki mai suna Rasass da ke tsaunukan arewacin Italiya, an iske ruwan da ke tsiyayowa daga irin wannan ƙanƙara ɗauke da sinadarin nikel fiye da abin da aka yarda da shi a ruwan sha. Daga jikin duwatsun yake wankowa. Dole sai an gwada kowane idon ruwa kafin a ja famfo.

Abin da masana suke nema yanzu bai wuce uku ba: a ƙidaya su a kowace ƙasa, a sa su cikin lissafin ruwa, a kuma hana tona su. Ba za su maye gurbin farar ƙanƙarar da ke tafiya ba. Amma a busassun kwaruruka na Andes da Himalaya, su ne ake sa ran za su rage bayan ta tafi, kuma wadda katafila ta kwashe yau ba a mayar da ita gobe.