Ƙungiyar Binciken Ciwon Ƙoda ta H3Africa

Ƙungiyar Binciken Ciwon Ƙoda ta H3Africa haɗakar likitocin ƙoda ce da masana ƙwayoyin gado daga jami'o'in Afirka da Amurka, waɗanda ke nazarin dalilin da ya sa ciwon ƙoda mai daɗewa ya yi yawa a tsakanin baƙar fata. An kafa ta a shekarar 2012 da kuɗin tallafi daga hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, wato NIH. Reshe ce ta babban shirin H3Africa, wanda NIH da gidauniyar Wellcome Trust ta Ingila suka ɗauki nauyinsa domin masanan Afirka su jagoranci binciken ƙwayoyin gadon mutanensu.

Jagorori da cibiyoyi

Dwomoa Adu na Jami'ar Ghana da Akinlolu Ojo, wanda a lokacin yake Jami'ar Michigan, su ne suka jagoranci aikin. Daga cikin manyan masu binciken akwai Ifeoma Ulasi ta Jami'ar Najeriya da ke Enugu, da Babatunde Salako na Ibadan, da Charlotte Osafo ta Accra, da Rasheed Gbadegesin, likitan ƙodar yara a Jami'ar Duke. An fara da cibiyoyi 9 a ƙasashe 4: Ghana, Najeriya, Habasha da Kenya, da nufin tara kusan mutum 8,000, rabi masu ciwon, rabi lafiyayyu. Mafi yawan aikin a Ghana da Najeriya aka yi shi. Tallafin ya haɗa da horar da matasan likitoci da kuma tanadar wurin adana samfurin jini da fitsari.

Asalin tambayar

An daɗe da sanin cewa Amurkawa baƙar fata sun fi fararen fata saurin kaiwa ga matakin da ƙoda ke daina aiki, har sai an koma wankin ƙoda ko dashe. Hawan jini da ciwon suga da talauci sun bayyana wani ɓangare na wannan bambanci, amma ba duka ba. A 2008 masu bincike suka gano cewa matsalar na da alaƙa da wani yanki na kiromosom na 22, suka ɗora zargi kan ƙwayar gado mai suna MYH9. Bayan shekara biyu, a 2010, tawagar Martin Pollak da David Friedman da Giulio Genovese a Boston ta nuna cewa maƙwabciyarta APOL1 ce ke da alhakin. Wata tawagar a Isra'ila ta kai ga wannan matsaya a shekarar.

APOL1 tana sarrafa wani furotin da ke yawo cikin jini yana kashe ƙwayar cutar barci da ƙudan tsando ke yaɗawa. Wani nau'in ƙwayar cutar ya samu hanyar kauce wa wannan furotin. Sauye-sauye guda biyu na APOL1, waɗanda ake kira G1 da G2, sun maido wa jiki wannan kariya, shi ya sa suka bazu a Afirka ta Yamma, daga nan cinikin bayi ya tsallaka da su nahiyar Amurka. Sai dai furotin ɗin da ya sauya yana lahanta matatar ƙoda. Lamarin ya yi kama da na sikila, inda gadon da ke kare mutum daga zazzaɓin cizon sauro ke zama cuta idan ya zo ta uwa da uba.

Binciken 2010 ya nuna cewa wanda ya gaji sauyin ta ɓangarori biyu na da haɗarin kamuwa da ciwon tabon matatar ƙoda, wanda likitoci ke kira FSGS, kusan ninki 10. Kusan kashi 13 cikin 100 na Amurkawa baƙar fata suna ɗauke da guda biyu. Amma duk wannan a Amurka aka auna shi. A yankin da sauyin ya samo asali, bayanai ƙalilan ne.

Sakamakon 2024

A watan Oktoban 2024 ƙungiyar ta wallafa babban sakamakonta a mujallar New England Journal of Medicine. An nazarci mutum 8,355 daga Ghana da Najeriya, ciki har da 866 da aka tsakuro ɗan naman ƙodarsu da allura domin tabbatar da irin ciwon. Kashi 43 cikin 100 na mahalartan na ɗauke da sauyi guda ɗaya, kashi 29.7 kuma na da guda biyu. Waɗannan alƙaluma ba na ɗaukacin jama'ar ƙasashen ba ne, domin da gangan aka tara marasa lafiya fiye da lafiyayyu.

Masu guda biyu sun fi sauran haɗarin ciwon ƙoda mai daɗewa da kashi 25 cikin 100. Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne masu guda ɗaya, waɗanda a da ake ganin ba su cikin haɗari: an samu ƙarin kashi 18 cikin 100 a tsakaninsu. Ga ciwon FSGS ƙarin ya kai kashi 84 ga masu biyu, da kashi 61 ga masu ɗaya. Wannan bai kai abin da aka gani a Amurka ba ko kusa, amma a yankin da masu sauyin suka yi yawa haka, ƙaramin ƙari ma yana shafar mutane masu tarin yawa.

Gadon sauyin ba ya nufin lalle mutum zai kamu. Mafi yawan masu guda biyu ba sa yin ciwon ƙoda, sai wani abu ya tayar da shi, kamar ƙwayar cutar ƙanjamau.

Magani da makomar aikin

Gano APOL1 ya buɗe ƙofar neman maganin da zai toshe furotin ɗin. A 2023 aka wallafa wani ƙaramin gwaji na maganin inaxaplin na kamfanin Vertex, inda furotin da ke zuba cikin fitsarin majinyata 13 ya ragu da kusan rabi cikin mako 13. A Ghana da Najeriya, inda galibin majinyata suka daɗe suna biyan kuɗin wankin ƙoda daga aljihunsu kuma da yawa suka daina saboda tsada, abin da ke hannu a yanzu shi ne gwajin fitsari da na jini da wuri, da kuma kula da hawan jini. Babban tallafin shekara 10 da NIH ta ware wa shirin H3Africa ya ƙare a 2022.